Yadda ake komawa cikin fayawol bayan dokar da ka saka ta kulle ka a waje

Abun a daƙiƙa ɗaya yake faruwa. Ka rubuta doka a fayawol, wato mai tace abun da ke shiga da fita a netwok, ka danna Apply, sai kaga WinBox, manhajar sarrafa MikroTik, ya ƙame ko shafin burauza yana ta juyawa, can ya ce maka babu hanya. Abun haushin ma sau da yawa intanet na nan lafiya lau, ƴan ofis na ta kallon bidiyonsu, kai kaɗai ne mai kula da na'urar aka bari a waje. Toh kafin hannunka ya kai kan maɓallin riset ka tsaya tukuna, domin dokar nan ƙofa ɗaya ta rufe, ta IP, kuma kusan kowace na'ura tana da wata ƙofar da dokar bata kaiwa gare ta. Wanda ya datse kwaɗon shagonsa ya bar makulli a ciki ai ba ya rushe bango, ƙofar baya yake zagayawa. Maganar nan duk akan na'urarka ce ko wadda aka baka amanarta, in ta wani ce ka nemi mai ita.

Farko: kar ka rufe komai, kar ka kashe komai

Duba ko akwai tagar da har yanzu take a buɗe, wani WinBox ɗin daban, ko PuTTY, manhajar shiga na'ura da rubutun umarni, da ka bari a ƙasa, ko kwamfutar abokin aikinka da ya shiga tun safe bai fita ba. Yawancin fayawol suna da doka can sama mai barin haɗin da ya riga ya ƙullu ya ci gaba, sabon haɗi kawai ake tarewa, shi yasa tsohuwar taga zata iya yin aiki alhali sabuwa ta ƙi. In ka samu irinta toh ka gama, ta nan zaka kashe dokar. In ka rufe ta da sunan bari in sake shiga, ta tafi kenan.

Kashewa da kunnawa kuma, wanda shi ne maganin komai a wajenmu, anan ba ya aiki a yawancin na'urori. MikroTik da FortiGate suna adana canji nan take, pfSense ma haka, ufw na Linux ma haka, zasu tashi da dokar nan daram. Inda kashewa ke taimako shi ne Cisco in baka yi write ba, da dokokin iptables na Linux da ka rubuta da hannu baka adana ba, waɗannan suna mantawa in sun sake tashi.

Na biyu: gano wane irin kulle ne

Mutane na tsallake wannan sai su ɓata awa guda suna neman dokar da ba ita ce matsalar ba. Buɗe cmd ka yi ping na adireshin na'urar, sannan ka gwada shiga ta duk hanyoyin da ka sani, shafin burauza, SSH a fot 22, WinBox a fot 8291. In haɗin ya yi shiru har lokaci ya ƙare, alamar doka ce ke zubar da saƙonka. In nan take ya ce refused, mai yiwuwa an kashe sabis ɗin ne ko an canja masa fot. In shafin shiga ya fito amma ya ƙi karɓar faswod, wannan ba aikin doka bane, mai yiwuwa ka yi kuskure da yawa ne aka dakatar da kai. FortiGate a yadda yake zuwa, kuskure 3 ne ya rufe ka daƙiƙa 60, pfSense ma na da mai gadinsa da ke toshe adireshin da ya cika kuskure.

Sai ka duba naka adireshin da ipconfig. Wannan ya fi kama masu aiki daga nesa, ka rubuta doka cewa adireshi kaza kaɗai zai shigo, alhali da datar waya kake, MTN ne ko Airtel ko Glo, adireshin da suke baka ba naka bane na dindindin, yau wannan gobe wancan, har Starlink ƙaramin tsarinsu haka yake. A cikin ofis ma in DHCP, mai raba adireshi da kansa, ya sauya maka lamba shikenan ka fita daga jerin. In ka tuna lambar da ka sa a dokar kuma kana cikin ofis ɗin, kawai ka sa wa laftof ɗinka ita da hannu ka gwada, sau da yawa anan maganar ke ƙarewa.

In MikroTik ne

Shi na fi daɗewa akai domin shi ya cika gari, wuraren CBT, otal-otal, masu sayar da tikitin hotsfot a unguwanni, makarantu, duk shi zaka tarar a maƙale jikin bango. Kuma shi ne mafi sauƙin komawa, saboda WinBox na iya shiga ta lambar MAC, wato lambar da ke jikin katin netwok na na'urar, ba sai da IP ba, dokokin da ke ƙarƙashin IP > Firewall kuwa basa taɓa wannan hanyar.

Ɗauki laftof da kebul ka je gaban na'urar, ka soka kai tsaye a ether2 ko wani fot na ciki, banda ether1, domin a saitin da yake zuwa da shi ether1 na waje ne kuma an rufe shiga ta nan. Kashe Wi-Fi na laftof ɗin, in kana da VirtualBox ko VPN ka kashe katinsu suma don suna rikita neman. Buɗe WinBox ka shiga Neighbors ka ɗan jira, na'urar zata fito da MAC ɗinta da IP ɗinta a layi ɗaya. Anan ake kuskure: kan MAC ɗin zaka danna, mai ɗigo bibbiyu a tsakani, ba kan IP ba, ka tabbata shi ne ya hau akwatin Connect To. Sa sunanka da faswod ka shiga. In bata fito a Neighbors ba ka kashe fayawol ɗin Windows na ɗan lokaci, ka canja fot, ka canja kebul, kar ka raina kebul wallahi, wanda aka matse kansa da hannu ya sha ƙura yakan yi haka.

Da ka shiga kar ka hau goge dokoki. Je IP > Firewall > Filter Rules ka kalli ginshiƙin Packets, sannan daga wata taga ka gwada shiga ta IP, dokar drop da kaga lambarta na hawa daidai lokacin da kake gwadawa ita ce mai laifin. Danna ta ka kashe da jan kuros ɗin nan, zata yi fari-fari amma tana nan. In ka fi son rubutu, New Terminal:

/ip firewall filter print
/ip firewall filter disable 7

7 ɗin misali ne, lambar da print ya nuna maka zaka sa, kuma sai ka yi print ɗin tukuna. Abun da ya kamata ka gane shi ne chain=input shi ke kula da masu zuwa wajen na'urar kanta, forward kuma masu wucewa ta cikinta zuwa intanet, shi yasa kowa ke hawa intanet kai kana waje. Kuma daga sama zuwa ƙasa ake karanta dokokin, wadda ta fara dacewa ita ke yanke hukunci, in drop ɗinka na sama da accept toh accept ɗin ado ne kawai. Gyaran shi ne ka ƙara dokar da ta yarda da kai:

/ip firewall filter add chain=input src-address=192.168.88.0/24 protocol=tcp dst-port=8291 action=accept

Zata faɗo can ƙasa, sai ka ja ta da linzami ka kai ta saman drop ɗin, in ta ƙi jawuwa danna kan ginshiƙin # don jerin ya koma bisa lamba. Ka sa naka rukunin adireshin in ba 88 kake amfani da shi ba. Sannan ka kunna drop ɗin, ka buɗe sabon WinBox ta IP ka gani ya shiga, kafin ka rufe na MAC.

In ka duba dokoki kaf babu mai tare ka, leƙa IP > Services. Akwai gurbin Available From a gaban winbox da ssh da www, in an sa adireshi a wajen toh shi kaɗai ke shiga ko da fayawol a buɗe yake. Haka System > Users, kowane mai amfani na da Allowed Address nasa. Na Services ana share shi da:

/ip service set winbox address=""

Hanyar MAC tana yawan yankewa, ba wajen zama a yi dogon aiki bace, ka gyara ka koma IP. In kuma wani mai tsananin tsaro ya riga ya kashe ta a Tools > MAC Server, saura konsol, wato ramin da ake soka kebul a shiga na'urar kai tsaye ba ta netwok ba, manya irin RB4011 da CCR suna da shi, gudunsa 115200, ƙanana irin hAP lite da hEX basu da shi.

Maganar kebul ɗin konsol

Duk mai wannan sana'ar ya kamata ya kasance da shi a jaka, shuɗin nan mai faɗi, kai ɗaya RJ45 ɗaya USB, ka nema wajen masu kayan kwamfuta a Beirut Road ko Farm Centre in a Kano kake, tun kafin ranar buƙata, kuma ka gwada shi a shagon. Ka soka, ka buɗe Device Manager ka ga lambar COM da Windows ya bashi, in kaga alamar rawaya direba ne babu sai ka sauke. A PuTTY ka zaɓi Serial, ka rubuta COM ɗin da gudun, ka buɗe, baƙin allo zai fito ba komai, danna Enter sau biyu. In kaga wasu haruffa kamar rubutun aljanu ba lalacewa ya yi ba, gudun ne ba daidai ba, canja tsakanin 9600 da 115200.

In pfSense ne

Yawanci anan akan tsohuwar kwamfutar tebur ake ɗora shi, don haka konsol ɗinsa allo ne da kibod kawai, ka jona ka ga jerin lambobi. In akwatin Netgate ne sai kebul, 115200. Lamba 15 ita ce abokiyarka, Restore recent configuration, pfSense na ajiye tsofaffin saiti duk sanda ka yi canji, zai jero maka su da lokaci da bayanin abun da aka canja, ka zaɓi wanda aka ajiye kafin ka saka dokar da ta kulle ka, in bai kama nan take ba ka sake tada na'urar da lamba 5.

Akwai kuma wata doka da yake zuwa da ita a LAN mai hana ka kulle kanka, Anti-Lockout, wadda mutane ke cirewa a System > Advanced don su nuna sun iya tsaro. In ita aka cire, zaɓi lamba 2 ka sake sa wa LAN adireshin da yake da shi, wannan na dawo da ita. In faswod ne lamba 3, in shafin ne ya sandare lamba 11. In mai gadin nan ne ya toshe ka saboda kuskuren faswod, lamba 8 ka shiga shell ka rubuta:

pfctl -t sshguard -T flush

Sai babbar guduma, ita ma a lamba 8:

pfctl -d

Wannan na kashe tacewar gaba ɗaya. Ka sani fa yana kashe NAT ma, wato intanet zai ɗauke wa kowa a ginin, in wajen jarabawa ne ana tsaka da rubutu kar ka kuskura, kuma na'urar a tsirara take har ka gama. Da ka yi Save ko Apply a shafin zai kunna kansa, don haka dokar da ta kulle ka ita zaka fara gyarawa, in ka fara da wani abun zai sake rufe ka. In ka gama pfctl -e. Lamba 4 kuwa ita ce mai share komai, ka kula da yatsanka. Masu OPNsense tsarin kusan ɗaya ne amma lambobin sun bambanta, ka karanta allon.

In FortiGate ne

Konsol ɗinsa 9600. Anan dokokin Firewall Policy na yau da kullum ba su ne suka fi kulle mutum ba, sai dai in ta VPN kake shigowa. Wurare uku ake dubawa. Na ɗaya allowaccess, jerin hanyoyin shiga da aka yarda da su a fot ɗin da kake shiga ta kai:

config system interface
edit port1
append allowaccess ping https ssh
end

Sunan fot ɗin zai iya zama internal ko lan, ya danganta da samfurin. Ka lura append na rubuta, domin set yana share jerin da ke nan ya sa sabo, mutum ya rubuta set allowaccess ping don yana son ƙara ping kawai, sai https da ssh su tafi, da yawa ta haka suka kulle kansu tun farko. Na biyu trusthost, adireshin da aka yarda admin ya shigo daga gare shi:

config system admin
edit admin
show
set trusthost1 192.168.1.0 255.255.255.0
end

Gara ka gyara shi zuwa rukunin adireshinka da ka cire shi gaba ɗaya. Na uku config firewall local-in-policy, ka yi show, wadda kaga tana deny ka yi edit da lambarta, set status disable, end. In faswod ɗin ne ya ɓace, tsohuwar dabarar asusun maintainer an cire ta tun daga FortiOS 7.2.4, kar ka ɓata dare kana gwada ta akan sabon siga.

In saba ce ta haya a waje

Wannan ba inda zaka hau adaidaita ka je, tana Jamus ko Amurka. Labarin kullum ɗaya ne, an yi ufw enable ba a buɗe 22 ba. Shiga shafin kamfanin da ka yi haya, nemi Console, zai buɗe maka allon sabar kamar kana gabanta. Makullin SSH ba ya aiki anan sai faswod, in baka taɓa sawa ba ka sake na root daga shafin nasu. Sannan:

sudo ufw allow 22/tcp
sudo ufw status numbered

In akwai deny a sama ka cire ta da sudo ufw delete da lambarta. In ka mayar da SSH wani fot toh shi zaka buɗe. Masu iptables ku kula da wannan, iptables -F na share dokoki ne amma ba ya taɓa policy, in INPUT na kan DROP ka share komai toh ka ƙara rufe kanka ne, har haɗin da kake kai zai yanke. Fara da sudo iptables -P INPUT ACCEPT sannan -F. In fail2ban ne, mai toshe adireshin da ya cika kuskuren faswod, ya kama ka, sudo fail2ban-client set sshd unbanip da adireshinka. Kuma ka duba ko kamfanin na da nasa fayawol a shafinsu, irin Security Group na AWS, wannan daban yake da na cikin sabar.

In kana Kabuga na'urar na Bompai

Ba dole sai ka ratsa cunkoson gari ba in akwai mai laftof a wajen. Kira shi, ko da akawu ne bai san komai ba, ka ce ranka ya daɗe taimaka ka kunna hotsfot na wayarka ka jona laftof da shi, ka sauke AnyDesk ka karanto min lambar, sannan ka zare kebul ɗaya ka soka a rami na biyu jikin akwatin nan mai fitilu. Ka ce ya turo hoton bayan akwatin ta WhatsApp kafin ya taɓa komai, don rami na biyu a wajensa zai iya zama daga dama ya ƙirgo. Daga nan kai ke tuƙa laftof ɗin, ka buɗe WinBox ka shiga ta MAC kamar kana wajen, sai dai anan ba zaka kashe Wi-Fi ba tunda ta nan kake. Ka ja masa kunne sosai kar ya soka tsinke a ƙaramin ramin nan, domin akwai masu son taimako da zasu ce ai na ma yi maka riset oga.

In duk sun ƙi

Toh sai riset, amma ka san me zaka rasa: suna da faswod na PPPoE da masu baka intanet suka saka, tikitin hotsfot da aka riga aka sayar wa mutane, VLAN, VPN, duka. Nemo bakof tukuna, ka kira masu intanet ɗin su baka bayananka, ka bari sai an tashi daga aiki. A MikroTik zaka zare wuta, ka danne maɓallin, ka mayar da wuta kana danne, da fitilar ta fara ƙiftawa ka saki. In ka ci gaba da dannewa zai wuce wani yanayin daban, na CAP ko na Netinstall. Zai dawo 192.168.88.1, suna admin, faswod babu ko kuma wanda ke kan sitikar jikinsa a sababbi. FortiGate na komawa 192.168.1.99, pfSense 192.168.1.1. In bakof ɗinka bayan dokar aka ɗauke shi zai dawo maka da kullen, shi yasa na fi son fayil ɗin export mai .rsc, rubutu ne zalla, ka buɗe a Notepad ka goge layin sannan ka ɗora.

Kafin ka sake taɓa doka

A MikroTik danna Safe Mode a saman WinBox kafin ka fara, ko Ctrl+X a terminal. In haɗinka ya yanke, na'urar zata warware duk abun da ka yi da kanta, yakan kai kamar minti 9 kafin ta gane ka ɓace, don haka ka yi haƙuri ka jira. In komai ya yi daidai sai ka sake danna shi don canjin ya zauna, in ka rufe tagar baka yi haka ba aikin ya tafi, kuma canji 100 yake iya riƙewa, ka dinga yi kaɗan-kaɗan. FortiGate na da irinsa a config system global, set cfg-save revert da cfg-revert-timeout, in ka gamsu ka yi execute cfg save. Juniper commit confirmed, minti 10. Cisco reload in 10, in lafiya reload cancel. A Linux in akwai at, mai aiwatar da umarni a lokacin da ka sa masa:

echo "ufw disable" | sudo at now + 10 minutes

In ka gwada sabon haɗi ya shiga, sudo atq ka ga lambar aikin, sudo atrm da lambar ka cire shi. Dokar accept taka ita ce farkon rubutawa, drop daga ƙarshe, kuma in daga nesa kake shiga ka kafa VPN na WireGuard, RouterOS 7 na MikroTik na da shi a ciki, ka bar adireshin cikin VPN ɗin ya zama shi aka yarda da shi maimakon na datar waya. Sai ka yi /export show-sensitive file=ofis ka sauke fayil ɗin zuwa laftof da filashi, domin RouterOS 7 na ɓoye faswod-faswod a export in baka ce ya nuna ba, na masu shiga na'urar kuwa ba ya fitar da su ko ka ce, waɗannan sai ka rubuta su daban ka ba mai wajen ya ajiye.